Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gidauniyar Konrad Adenauer: ku ba matasanmu labarin yadda aka sauke Tsoho

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Gidauniyar Konrad Adenauer, ofishin Abuja.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Shekarar 2026 ita ce ta cikar shekara 150 da haihuwar mutumin da gidauniyarku ke ɗauke da sunansa, wanda aka haifa a birnin Kolon na ƙasar Jamus ranar 5 ga Janairun 1876. Irin wannan lokaci ba ya wucewa sai an yi taruka, an buga ƙasidu, an yi yabo, kuma ba ni da ja a kan yabon. Roƙo ɗaya ne ya sa na rubuto muku. Duk sa'ad da za ku zaunar da matasan 'yan siyasarmu, da 'yan majalisa, da 'yan jarida, ku ba su tarihin Adenauer, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma na farko, wanda ake yi wa laƙabi da Tsoho, ina so ku daɗe a kan shekarunsa na ƙarshe bisa kujera, daga 1959 zuwa 1963. Labarin gwarzon da ya tashi ƙasa daga toka muna da irinsa da yawa, kowace jam'iyya tana da nata gwarzon, kowane gwarzo da marokansa. Wanda muke ƙishirwarsa shi ne labarin yadda mutanen da suke cin abinci a inuwar gwarzon suka iya kallon idonsa suka ce masa ya isa haka.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Yana ɗan shekara 41 ya zama magajin garin Kolon a 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, ya riƙe muƙamin har 1933. Jami'ar birnin da aka sake buɗewa a 1919, da filayen itatuwan da suka yi wa garin ƙawanya, da masana'antar motocin Ford, duk akwai hannunsa a ciki. Da Hitler ya zo Kolon yaƙin neman zaɓe a watan Fabrairun 1933, yana sabon shugaban gwamnati, Adenauer ya ƙi zuwa filin jirgi tarbarsa, ya kuma sa aka sauke tutocin 'yan Nazi daga kan wata gada mallakar birni. Ba a cika wata guda ba suka tsige shi. Ya fake kusan shekara a gidan ibadar Kirista na Maria Laach, an kama shi a 1934, an sake kama shi a 1944, an tsare matarsa Gussie wadda ba ta ƙara samun lafiya ba har ta rasu a 1948. A cikin wannan tarihi kuma akwai doguwar wasiƙar da ya aika wa hukuma a watan Agustan 1934 yana neman kuɗin fanshonsa, yana lissafa lokutan da ya kyautata wa jam'iyyar Nazi sa'ad da yake magajin gari. Ban ambace ta don cin mutuncinsa ba. Mai 'ya'ya bakwai da aka raba da aiki aka rufe wa asusu yana iya rubuta abin da ya fi wannan. Amma tana cikin tarihin, a bar ta a ciki.

Bayan yaƙi Amurkawa suka mayar da shi kujerar magajin gari a watan Mayun 1945, Turawan Ingila suka sallame shi a watan Oktoba bisa cewa wai bai iya aiki ba. Korar ta zame masa gobarar Titi. Ya samu sukunin duƙufa wajen gina sabuwar jam'iyyar CDU, wadda ta haɗa mabiya ɗariƙar Katolika da Furotesta a inuwa ɗaya, abin da siyasar Jamus ba ta saba gani ba. Ya shugabanci majalisar da ta rubuta kundin tsarin mulkin 1949. Da aka yi zaɓe ranar 14 ga Agusta na wannan shekara, CDU da ƙawarta CSU suka samu kashi 31 cikin 100, babbar abokiyar hamayyarsu, jam'iyyar SPD, ta biyo su da kashi 29 da ɗoriya. Manya da yawa a jam'iyyarsa suna ganin ƙasar da ta rushe haka sai gwamnatin haɗaka da SPD. Mako guda bayan zaɓe ya gayyato jiga-jigan jam'iyya gidansa da ke Rhöndorf, ranar Lahadi ana zafi, ya ciyar da su ya shayar da su, kafin su tashi magana ta tsaya a kan ƙawance da ƙaramar jam'iyyar FDP, shi kuma shugaban gwamnati. Ga masu damuwa da tsufansa, ya ce likitansa ya tabbatar masa zai iya ɗaukar nauyin na shekara ɗaya ko biyu. Yana da shekara 73 a lokacin, sai da ya yi 14. Ranar 15 ga Satumba majalisar dokoki ta Bundestag ta zaɓe shi da ƙuri'a 202 cikin 402, daidai adadin da ake bukata ba ƙari, kuma ɗaya daga ciki tasa ce.

Kwana shida bayan haka ya hau tudun Petersberg ya gabatar da ministocinsa ga manyan kwamishinoni uku na Amurka da Ingila da Faransa, waɗanda har lokacin su ne masu wuƙa da nama a ƙasar. An shirya su tsaya a kan darduma, shi ya tsaya daga bakinta ya karɓi takardar sharuɗɗan mamaya. Ya taka dardumar ya tsaya kusa da su, ba wanda ya ce masa koma baya. Haka ya tafiyar da sauran al'amarin, taku ɗaya bayan ɗaya. Shugaban adawa Kurt Schumacher ya kira shi shugaban gwamnatin 'yan mamaya a zauren majalisa, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu ya ci gaba: haɗakar kwal da ƙarfe da Faransa a 1951, 'yancin kai da shiga NATO a watan Mayun 1955, yarjejeniyar Rum ta kafa kasuwar bai-ɗaya ta Turai a 1957. A 1952 ya sa hannu kan biyan diyyar Mark biliyan 3 ga Isra'ila da miliyan 450 ga ƙungiyoyin Yahudawa saboda kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi, kuma da ƙuri'un 'yan adawa na SPD ya tsallake da ita a majalisa, don kusan rabin mutanen ɓangarensa sun noƙe. A wannan shekarar aka yi dokar da ta ɗora wa masu dukiyar da yaƙi bai ci ba harajin rabin ƙimarta, su biya a hankali cikin shekara 30, domin a tsugunar da 'yan gudun hijira wajen miliyan 8 da aka koro daga gabas. A watan Satumban 1955 ya je Mosko ya dawo da alƙawarin sakin fursunonin yaƙi kusan 10,000 da suka rage a hannun Tarayyar Sobiyet. Da zaɓen 1957 ya zo, taken jam'iyyarsa shi ne kada a yi gwaji, suka kwashe kashi 50.2, abin da wata jam'iyya ba ta sake yi ba a zaɓen tarayya.

Wannan ɓangare kun fi ni saninsa, kuma shi ne mai daɗin faɗa. Ga wanda nake roƙon a haɗa da shi.

Daga 1953 zuwa 1963 mutumin da ke riƙe da ofishin shugaban gwamnati, wanda kowace takarda sai ta bi ta teburinsa, shi ne Hans Globke. A 1936, yana ma'aikacin ma'aikatar cikin gida, Globke na cikin mutum biyun da suka rubuta sharhin dokokin Nuremberg, dokokin da suka raba Yahudawa da haƙƙin zama 'yan ƙasa suka haramta aure da su. Adenauer ya san da haka, an yi ta faɗa masa a majalisa da jaridu, ya riƙe shi gam. Ana danganta masa cewa ba a zubar da ruwa mai dauɗa sai an samu mai tsabta. Akwai hujja a cikin maganar, ban musa ba: ƙasar da miliyoyin mutanenta suka riƙe katin jam'iyyar Nazi ba za ta samu alƙalai da malamai da 'yan sanda daga sama ba, shi ya sa dokar 1951 ta mayar da ɗimbin tsofaffin ma'aikata bakin aiki. Sai dai mayar da akawu ofishinsa daban, ɗora mai sharhin dokokin wariya a ƙofar shugaban gwamnati har shekara goma daban. Matasan Jamus na ƙarshen shekarun 1960 su suka biya bashin wannan shiru, da zanga-zanga da faɗa da iyayensu. Duk ƙasar da ta fito daga mulkin soja ta san wannan tambaya ta wa za a yafe wa, wa kuma za a yafe wa amma a ce ya koma gida ya zauna.

Sannan ga batun leƙen asiri. A 2022 masanin tarihi Klaus-Dietmar Henke ya bayyana cewa hukumar leƙen asirin ƙasashen waje, ƙarƙashin Reinhard Gehlen, ta shafe kusan shekara goma tana kai wa Adenauer rahotannin abin da ake tattaunawa a asirce a kwamitin ƙoli na SPD. Rahotanni kusan 500, ta hannun Globke suke isa gare shi, wasu har da alamar alƙalaminsa. Hukumar da aka kafa da kuɗin talakawa don ta sa ido kan abokan gaba a waje, aka mayar da ita kunnen jam'iyya mai mulki a ɗakin taron 'yan adawa. Wannan ba baƙon labari ba ne a kunnen ɗan Najeriya ko ɗan Nijar.

A watan Afrilun 1959 ya sanar da cewa zai nemi kujerar shugaban ƙasa, wadda a tsarin Jamus ta ban-girma ce kawai. Mutane suka ce madalla, Tsoho ya samu hanyar sauka da mutuncinsa. Bayan wata biyu, da ya fahimci abu biyu, cewa kujerar ba ta da ikon da yake zato kuma jam'iyya za ta ɗora ministan tattalin arziki Ludwig Erhard a gurbinsa, sai ya yi amai ya lashe. Erhard kuwa shi ne fuskar bunƙasar tattalin arzikin da ke ciyo musu zaɓe. Adenauer yana ganin bai san siyasar duniya ba, kuma abin da ya biyo baya ya nuna akwai ƙamshin gaskiya a ganin nasa. Amma ya ɗauki kujerar shugaban ƙasa ya yi wasa da ita a bainar jama'a don kawai ya tare wa mutum ɗaya hanya, kuma kwarjininsa a cikin jam'iyya bai sake komawa yadda yake ba.

A 1960 ya kafa kamfanin talabijin na biyu a ƙarƙashin gwamnatin tarayya, don yana ganin tashar da ake da ita ta karkata ga 'yan adawa, ga zaɓe kuma na tafe. Gwamnatocin jihohi, har da waɗanda ke hannun jam'iyyarsa, suka ƙi shiga. Jihohin da SPD ke mulki suka garzaya kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe. Ranar 28 ga Fabrairun 1961 kotun ta ce harkar watsa labarai ta jihohi ce, kuma bai halatta gwamnati ta mallake ta ba. Ya tashi a majalisa ya ce majalisar ministocinsa ta haɗu a kan cewa hukuncin kuskure ne. Ya faɗi haka, amma ya bi. Tashar ZDF da Jamusawa ke kallo yau jihohi ne suka haɗu suka kafa ta bayan wannan shari'a.

Ranar 13 ga Agustan 1961 gwamnatin Jamus ta Gabas ta fara shinge tsakiyar Berlin, aka wayi gari an raba uwa da ɗa, miji da mata. Adenauer bai taka birnin ba sai ranar 22 ga wata. Washegarin fara shingen yana Regensburg wajen yaƙin neman zaɓe, inda ya kira abokin takararsa, magajin garin Berlin ta Yamma Willy Brandt, da tsohon sunansa Frahm, don ya tuna wa jama'a cewa ba ta hanyar aure aka haife shi ba kuma ya yi gudun hijira zuwa Norway a zamanin Hitler. Dattijo mai shekara 85, Kirista mai zuwa coci, a ranar da birni ke kuka. A zaɓen Satumba jam'iyyarsa ta faɗo zuwa kashi 45.3, FDP ta ce ba za ta shiga gwamnati da shi ba sai ya yi alƙawarin sauka kafin wa'adi ya ƙare. Ya yi alƙawarin, bai sa rana ba.

Abin da ya sa masa ranar shi ne rikicin mujallar Der Spiegel. A watan Oktoban 1962 mujallar ta buga dogon rahoto cewa rundunar sojan Jamus ta Yamma ba ta da cikakken shirin kare ƙasa. Daren Juma'a 26 ga wata, hankalin duniya duk yana kan rikicin makamai masu linzami na Kyuba, 'yan sanda suka dira ofishinta a Hamburg, suka rufe ɗakuna, suka kwashe takardu, suka zauna a wurin kusan mako huɗu. Marubucin rahoton, Conrad Ahlers, yana hutu a Sifaniya aka tashe shi cikin dare aka kama, bayan ministan tsaro Franz Josef Strauss ya buga waya da kansa ofishin jakadanci a Madrid. Mai mujallar, Rudolf Augstein, ya yi kwana 103 a tsare. Tun ba a kai ga alƙali ba Adenauer ya tsaya a majalisa ya ce an gano rami mai zurfi na cin amanar ƙasa. Strauss ya ce shi ba ruwansa, daga baya asiri ya tonu. Ministan cikin gida da aka matsa masa ya ce abin ya ɗan kauce wa doka, wai ɗan kaɗan.

A nan nake so ku sa matasanmu su lura da wanda ya yi me. Sauran gidajen jaridu na Hamburg, waɗanda suke gasa da mujallar a kasuwa, suka ba ma'aikatanta aron ofis da keken rubutu, ba ta fasa fitowa ko mako ɗaya ba. Ɗalibai da malaman jami'a suka fito titi. 'Yan majalisa suka yi kwanaki suna jefa wa ministoci tambaya har maganganunsu suka fara cin karo da juna. Ministan shari'a ɗan FDP ne, kuma an ɓoye masa shirin samamen. Saboda haka ranar 19 ga Nuwamba ministocin FDP biyar suka ajiye aiki tare, suka bar mota da direba da ofis. Strauss ya rasa ma'aikatarsa. Adenauer bai samu ya sake haɗa gwamnati ba sai da ya amince zai tafi a kakar 1963. A 1965 babbar kotun tarayya ta ƙi ma buɗe shari'ar Augstein saboda rashin hujja.

Duk da haka bai saduda ba. A watan Janairun 1963 ya sa hannu kan yarjejeniyar abota da shugaba de Gaulle na Faransa, aikin da ya fi so a zuciyarsa, ya kuma ci gaba da neman wanda zai gaje shi, ko wane ne in dai ba Erhard ba. A watan Afrilu 'yan majalisar CDU da CSU suka shiga ɗaki, yana zaune yana kallo, suka kaɗa ƙuri'a: 159 suka zaɓi Erhard, 47 suka ƙi. Mutanen da akasarinsu da sunansa suka ci zaɓe ke nan. Ya sauka ranar 15 ga Oktoban 1963 yana da shekara 87, ya riƙe shugabancin jam'iyya har 1966 yana yi wa magajinsa zagon ƙasa a hirarraki da 'yan jarida, ya ga faɗuwar Erhard a ƙarshen wannan shekara, ya rasu ranar 19 ga Afrilun 1967.

Kundin tsarin mulkin Jamus bai ƙayyade wa shugaban gwamnati wa'adi ba, har gobe. Babu wani sashe da za a buɗe a nuna wa Adenauer cewa lokacinsa ya cika. Alƙalai ne suka yanke hukunci a kan mai mulki ana saura watanni zaɓe, ƙaramar jam'iyya ta fifita sharaɗinta a kan kujerun minista, 'yan jarida suka tsaya wa abokin gasarsu, 'yan majalisa suka ƙi ɗauki-ɗora. Ba soja ko ɗaya da ya fito daga bariki. Shi ma a faɗa masa alheri: ya yi gunaguni, ya yi dabaru, ya ja lokaci, amma bai rufe kotu ba, bai kori majalisa ba, bai ɗage zaɓe ba.

Mu a nan mun ga fuskokin abin guda biyu. Ranar 16 ga Mayun 2006 majalisar dattawan Najeriya ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba da damar wa'adi na uku, kuma akasarin sanatocin 'yan jam'iyya mai mulki ne. A Nijar, a 2009, shugaba Tandja Mamadu ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki saboda sun ƙi tazarce, ya yi ƙuri'ar raba gardama, a watan Fabrairun 2010 soja suka ɗauke shi daga fada. Matashin da ya san waɗannan biyu, in aka ba shi labarin 1962 da 1963, zai gane inda aka dosa ba sai an yi masa dogon sharhi ba. In kuwa aka tsaya a darduma da fursunonin Mosko, abin da zai ɗauka ya tafi da shi shi ne ƙasa tana jiran wani dattijo mai hangen nesa ne ya zo ya cece ta, kuma in an same shi sai a bar masa kujera har sai Mai Sama ya kira. Wannan karatun mun haddace shi tuntuni.

Wani zai ce ba a tambayar gida ya tona asirin maigida. Amsata ita ce kun riga kun yi abin da ya fi wannan wuya, domin rahotannin leƙen asirin nan a ma'ajiyar tarihin gidauniyarku aka karanta su, ba a ƙone su ba, ba a kulle su ba. Ina ganin abin alfahari ne, ya cancanci a faɗe shi a Kano da Sakkwato da Damagaram kamar yadda aka faɗe shi a jaridun Jamus.

Saboda haka ga abin da nake nema a aikace. Ku sa a rubuta ɗan ƙaramin littafi da Hausa, wanda malamin sakandare zai iya karantar da shi cikin mako biyu, a kan shari'ar talabijin ta 1961, da rikicin Der Spiegel, da ƙuri'ar Afrilun 1963, a sa babin Globke da na leƙen asiri ba tare da kwaskwarima ba. Ku ba gidajen rediyonmu shi su karanta, don a nan kunne ya fi ido yawan masu karatu. In kuma za ku tara shugabannin matasa na jam'iyyu, ku ware zama guda ku raba musu kujerun 'yan majalisar nan na CDU da CSU, ku zaunar da wani a gabansu a matsayin Tsoho, ku miƙa wa kowa takardar ƙuri'a.

Na gode da haƙurin karantawa. Ku huta lafiya.

Naku,
wani malamin tarihi daga Zariya.